Buhun Waken da Na Ɗinke

Birnin Kudu,
Alhamis da hantsi.

Zuwa ga matata Sadiqa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Ya baƙuwarmu, tana kama nono sosai? Ki gaida Inna da ɗawainiya, ki durƙusa ki gaida mini Baba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abin da na gani yau da safe, wanda ya sa na ɗauki biro ko karyawa ban yi ba. Na kira wayarki sau huɗu tana kashe, na san cajin ne kamar kullum. Shi ya sa zan ba Sabo direba takardar nan, tun da motarsa ce ta fari zuwa Gwaram.

Kin san 'yar kwantenar nan tawa da ke bakin ƙofar gidan waya, inda nake ajiye buhuna da kwalaye da igiya da basilla. Yau na buɗe, na ja kwalayen da ke lungu don wani malami zai aika littattafai. A bayansu na tarar da kyanwar gidan waya, mai baƙin kunnen nan da kike aiko wa kan kifi, ita da 'ya'yanta uku, duk sun mutu. Babu ciwo a jikinsu, babu jini. Tana kwance yadda take kwanciya in za ta shayar da su, ɗaya ma bakinsa na jikinta. Na duba ƙasa, kyankyasai birjik, kowanne ya juya cikinsa sama. Tsaka biyu sun faɗo daga bango. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ko kiyashi ɗaya bai hau gawar ba, alhali kin san kiyashin wurin nan ko ɓawon gyaɗa ba sa bari.

Na zauna a benci ina lissafin abin da ya shiga kwantenar a satin nan wanda ba ya shiga da. Abu ɗaya ne, waken da Baba ya kawo ran Litinin a aika wa yayarki, Yaya Ummussalma. Ya iso bayan la'asar an riga an rufe kanta, Talata kuma hutu ce, don haka buhun ya kwana biyu a ciki, ƙofa a garƙame, ana ta ruwa. Jiya Laraba da na buɗe don in fito da shi, wani wari ya buge ni kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, kaina ya sara har azahar. Na ɗauka daddawar da wata mata ta aika makon jiya ce ta bar wari. Sai yau na tuna inda na san warin nan. Rumbun kawuna ne, ranar da ake sa wa wake ƙwayar maganin ƙwari, mai launin tokar nan da ake ƙullewa a tsumma.

Sadiqa, zan gaya miki laifina tun kafin ki ji a bakin wani. Dokar gidan waya ita ce duk kayan da za a aika sai an buɗe an gani kafin a ɗinke. Akwai allo a bango da aka jera abin da ba a karɓa: fetur da kananzir, ashana, albarushi, abin da zai zube, abu mai rai, da guba kowace iri. Da Turanci yake, amma Malam Ikrima mai kanta ya karanta mini shi har na haddace. Ni nake gaya wa mutane ma. Amma Baba ya zo da waken a leda biyu, ya ƙulle bakin da hannunsa, ya zauna a bencina yana kallona. Ta yaya zan kwance ƙullin surukina a gabansa kamar ina zarginsa? Ko ɗaga ido ban iya yi ba. Na saka a buhu na ɗinke, kuma na ji basilla ta huda ledar a wuri biyu ko uku, na yi shiru. Jiya da na ɗora a sikeli Malam Ikrima ya tambaye ni ko na duba, na ce wake ne zalla. Ya yarda, don shekara huɗu ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Har murna ya yi. Ya sha gaya mini cewa wasiƙa ta mutu tun da waya ta shigo aljihun kowa, abin da ke riƙe da ƙofar gidan waya a buɗe yanzu shi ne kan sarki da ake manna wa takardun ciniki, da hayar akwatuna, da kuɗin awon kaya irin wannan. Wani yinin kaya biyu kawai ake kawowa. Baba ma na san da ya so da ya ba 'yan mota, don ni ya ɗauko shi tun daga Gwaram, don a ce ya kawo wa mijin 'yarsa aiki.

Buhun ya tafi jiya da azahar. Abin da nake roƙonki, ki lallaɓa ki tambayi Baba ko ya sa ƙwayar a ciki, kuma guda nawa. Ni bakina ba zai iya ba. Ki rubuto ko layi biyu ne ki ba Sabo kafin ya juyo. Ban gaya wa kowa ba tukuna, na binne kyanwar a bayan katanga. Wataƙila ni ne na cika tsoro, Allah ya sa haka ne.

Ki shafa mini kan baƙuwa.

Mijinki,
Ƙasimu.

Birnin Kudu,
Juma'a bayan an sauko.

Zuwa ga Sadiqa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yarinya da ta mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya. Takardarki ta same ni jiya da magariba, na gode da ba ki ɓata lokaci ba. Na karanta inda kika ce Baba ya ce guda ɗaya tak ya sa, kamar yadda kowa ke yi, kuma ransa ya ɓaci da tambayar. Ki ba shi haƙuri. Na so a ce amsar ba haka take ba.

Da sassafe, kafin a buɗe gidan waya, na biya wajen Malam Bahauddeen malamin gona. Ban ambaci sunan kowa ba, na ce wani ne ya tambaye ni. Ya ce ƙwayar nan ba cinta ne kawai ke kisa ba, iskar da take fitarwa ce. A bushe tana iya daɗewa tana barci, laima ke tashinta. Guda ɗaya ta ishi babban buhu, kuma ba a kwana ɗaki ɗaya da shi, ko kusa da gida ba a so. Ya ce iskar ƙasa-ƙasa take bi, shi ya sa in ta shiga ɗaki yaran da ke kwance a tabarma take fara ɗauka kafin manyan da ke kan gado su ji komai. Yana faɗa yana shan kokonsa.

Kin tuna yadda Yaya Ummussalma ta kwatanta mana ɗakinsu da ta zo sallah? Ɗaki ɗaya da kamfanin katakon ya ba mijinta Ɗanladi don yana gadi, can kudancin ƙasar nan cikin daji gaba da Ikom, ba taga sai wata 'yar kafa da suke toshewa saboda sauro. Ta ce ruwa ba ya ɗaukewa, gishiri ma narkewa yake a gwangwani. Ta ce kayan abinci ƙarƙashin gado take turawa saboda ɓera. Yaransu Khalifa da Ruƙayyatu kuma a ƙasa suke kwana, dab da gadon. Tun jiya ɗakin nan nake gani, ko na rufe ido ko na buɗe.

Daga nan na wuce kai tsaye wajen Malam Ikrima na gaya masa komai. Na yi zaton zai yi mini tsawa. Bai yi ba. Ya cire gilashinsa ya ajiye a kan sikeli, sannan ya ce da wani ne ya yi masa haka da ya san abin faɗa, amma ni bai san me zai ce ba. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in daina tsayuwa kamar an dasa ni, in ɗauko masa littafin rasit.

Kowane kaya da aka yi wa rajista yana da lambarsa. Da ita ya kira babban ofishinsu na Dutse. Sun ce jakar Birnin Kudu ta iso ran Laraba da yamma. Ko ta bi motar Kano jiya ko tana nan, sai an duba, don jakunkunan a ɗaure suke da hatimi, kuma ba kowa ke da ikon karya hatimi ba. Ya kira Kano, sun ce lambar ba ta fito a wajensu ba, amma hakan ba ya nufin kayan bai iso ba, sai an zazzage jaka ake shigarwa. Kafin ya gama bin wannan da wancan lokacin masallaci ya yi. Gobe Asabar, jibi Lahadi. Ya ce ya bar saƙo a duk inda ya dace, kuma sun ɗauki maganar da gaske, amma in shirya zuciyata, tana yiwuwa kayan ya yi gaba.

Na tambaye shi kwana nawa kaya ke yi zuwa can. Ya ce in an yi sa'a mako ɗaya, in ba a yi ba uku. Yau ce rana ta farko da na roƙi Allah kada a yi sa'a.

Lambar Ɗanladi na kira ta fi sau ashirin, matar nan ta cikin waya tana ta ce mini ba a samunsa. Kin san sai ya fito gari yake samun sabis, kuma ba ya fitowa sai in zai duba akwatin kamfanin a gidan waya. Wato ranar da wayarsa za ta shiga tana iya zama ranar da buhun zai shiga hannunsa. Na tura masa saƙo har uku, na ce kada ya kai wake ɗaki, kada ya buɗe, ya kira ni. Amma kin san Ɗanladi da saƙo, sai ya tara goma bai duba ba.

Akwai kuma wata. Malam Ikrima ya ce dole ya rubuta rahoto, don guba a jakar gidan waya ba maganar da zai rufe ba ce, akwai direba da masu ɗaukar jaka da ke shaƙar iskar. Sunan da ke kan fom a matsayin mai aikawa na Baba ne. Kada ki gaya masa wannan, gobe zan zo da kaina.

Ki ci abinci don Allah, kada maganar nan ta taɓa miki nono. Ki gaida Inna.

Naki,
Ƙasimu.

Birnin Kudu,
Lahadi da yamma.

Zuwa ga Sadiqa,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ke da yarinya. Na iso gida lafiya jiya, sai dai ruwa ya tare mu a hanya. Ki yafe mini, na zo har gidanku ban zauna da ke ba. Hango ki kawai na yi ta ƙofar ɗakin Inna kina riƙe da ita, na ga kin rame. Abin da bakina bai samu ya faɗa ba shi zan rubuta.

Na san kin ji muryar Baba daga zaure, amma ba ki ji duka ba. Ya bar ni a durƙushe ya gama lazimi, ya gama sauraron rediyo, sannan ya juyo. Na yi bayani kaina a ƙasa. Ya ce shekara nawa yana ajiye wake da ƙwayar nan tun ban san hannun damana ba, wa ya taɓa mutuwa a gidansa? Ya ce kyanwa ta ci maganin ɓera a wani wuri ta zo ta mutu, ni kuma na ɗauko gawarta na ɗora masa a ka. Ya tambaye ni ko cewa nake yana son kashe jikokinsa. Ya ce shi da ya ɗauko kaya ya kawo mini don ya rufa mini asiri, ga sakayyar da ya samu, an kai sunansa ofis.

Haƙuri kawai na ba shi. Ban ga laifinsa ba, Sadiqa. A rumbu yake sa tasa, rumbu kuwa a bayan gida yake, iska na kaɗawa ta ko'ina, ba mai kwana a ciki. Bai taɓa ganin ɗakin Yaya ba. Kuma na lura da abu ɗaya, duk faɗan da yake yi, carbin da ke hannunsa bai motsa ba, ya damƙe shi har jijiyar hannunsa ta fito. Da zan tashi ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba, ko an samu Ɗanladi. Na ce tukuna. Ya ce to.

Ina saka takalmi a ƙofar zaure sai na ji an kira ni daga bayan katanga, a hankali. Inna ce. Tun da na aure ki ba ta taɓa yi mini magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ta ce in tsaya inda nake, kada in juyo. Ta ce ranar da za a kai waken, da Malam, wato Baba, ya tafi masallaci, ta kwance ledar ta ƙara guda biyu, don ta san shi da tsumulmular magani, ga hanya da nisa, ba ta so 'yarta ta buɗe ta tarar da gari. Ta mayar da ƙullin yadda yake. Ta ce ko shi bai sani ba. Sannan ta ce in gaya mata gaskiya, yaran za su mutu? Na ce in sha Allahu za a tare kayan. Ban san ko gaskiya na faɗa mata ba.

Uku ke nan, a wake kwano shida. Malam Bahauddeen ɗaya ya ce ta ishi babban buhu.

Yau tun safe ina tasha. Na bi masu lodin albasa da masu shanu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya san wani a Ikom. Wani ya ba ni lambar wani mai shayi a can, mai shayin ya haɗa ni da wani ɗan acaɓa ɗan Fagam. Ya san kamfanin, amma ya ce gadar katakon da ake bi ruwa ya hau kanta, sai ya janye. Ya yi alkawarin zai je. Na kuma roƙe shi ya tsaya a gidan wayar garin gobe ya gaya musu. Ya yi ta ce mini kada in damu, ɗan'uwa. Kowa haka yake ce mini.

Ban iya shiga kwantenar ba tun ran Alhamis. Na bar ƙofarta a buɗe, na fito da benci waje. Ɗazu wata tsohuwa ta kawo kuka da kuɓewa busasshiya za a aika wa ɗanta soja gobe, na zazzage su kaf a kan tabarma ina tonawa da yatsa, har ta ce ko zinariya na ji labarin ta ɓoye. Na yi dariya don kada ta ji haushi.

Maganar rahoto kuwa, na yanke shawara. In an tambaye ni zan ce mai kaya tsoho ne manomi, bai san dokar gidan waya ba, ba kuma wanda ya karanta masa allon. Ni na sani, ni na ɗinke, ni na ce wake ne zalla. Wannan ba ƙarya ba ce. In wurin zamana ne zai tafi ya tafi, in ma abin ya kai ga 'yan sanda, gara ni da a zo a ɗauki Baba a gaban jama'ar unguwa. Sunan Inna kuwa ba zai fito daga bakina ba. Na gaya wa Malam Ikrima dai su ɗauka ƙwayar ta fi ɗaya, don masu taɓa jakar su yi hattara.

Ki yi mana addu'a, ke da ba ki da nauyin komai a cikin wannan. Ki kula da Inna, kada ki bar ta ita kaɗai.

Mijinki mai tunaninki,
Ƙasimu.

Birnin Kudu,
Laraba da safe.

Zuwa ga Sadiqa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yarinya, ina fatan kun tashi lafiya. Na san saƙon da na aiko ta bakin Sabo shekaranjiya ya same ku, cewa an tare kayan. Alhamdu lillahi. Yanzu ga yadda abin ya kasance, ki karanta ke kaɗai.

Ran Litinin wajen ƙarfe goma aka kira Malam Ikrima daga Dutse. Ashe buhun bai bar can ba. Motar da ke kwasar kayan nesa ba ta tashi sai kaya sun taru sun kai a ƙona musu mai, namu kuwa yana cikin masu jira. Jinkirin nan da mutane ke zagin mu a kansa kullum, shi ya tsaya tsakanin buhun da ɗakin Yaya. Mai kula da sito ya ce da ya buɗe ƙofa da safe warin ya kore shi waje, ya yi amai, amma an duba shi a asibiti an sallame shi. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri, dattijo ne, ya ce in tashi, in dai kiyaye gaba.

Jiya muka ɗauko buhun, ni da Malam Ikrima, da izinin manyansu. A saman motar Sabo muka ɗaure shi, gilasai duk a sauke. Sabo bai yi shiru ba tun daga Dutse har gida, wai shi yau ya ɗauko fasinjan da ya fi kowa tsada, ba ya magana amma kowa na tsoronsa. Muka wuce bayan gari wajen duwatsu, inda ba gida ba gona. Malam Bahauddeen na jiran mu. Ya tsayar da mu ta inda iska ke fitowa, ya ɗaura wuƙa a bakin doguwar gora, ya farke buhun daga nesa. Muka jira fiye da awa ɗaya kafin ya bari a matsa. Sannan ya baje waken da gorar.

Ƙulli uku muka samu, ba biyu ba.

Na farko a farin tsumma, ƙwaya ɗaya, ta riga ta zama toka. Na biyu a yankin tsohon ɗankwali, guda biyu. Na uku yana can ƙasa, a tsakiyar waken, an ƙulle shi da kyau da zare, ƙwaya uku a ciki, ko rabi ba su ci ba. Malam Bahauddeen ya ce shida a wannan ɗan waken, da ya kwana ɗaya a rufaffen ɗaki a ƙasar laima, ba yara kaɗai ba, har iyayen ba mai tashi. Malam Ikrima ya zauna a kan dutse ya riƙe kansa.

Sadiqa, na san ƙyallen ƙulli na uku. Atamfar nan ce mai ganyen kore da ɗigon ja, wadda na sa miki a lefe, kika ɗinka kika ce tela ya rage miki guntu. Na san ƙullin ma, irin wanda kike yi wa kanwa ne, ki naɗe sau biyu ki soke bakin zaren a ciki. Na tsaya ina kallonsa har Sabo ya taɓa ni ya ce ko iskar ta kama ni.

Ba faɗa zan yi miki ba. Na san dalilinki, irin na Inna ne, irin na Baba ne. 'Yar'uwarki ce, kin san tana son alala, ba ki so ƙwari su riga ta. Da ni aka ba ƙwayar a gida ban taɓa jin bayanin malamin gona ba, wataƙila da na ƙara tawa. Abin da ke ci mini rai shi ne kwana shidan da kika yi da wannan a cikinki ke kaɗai, ga jego, ina ta rubuto miki yadda yara ke mutuwa a tabarma, har ina ce miki ba ki da nauyin komai. Yanzu na gane ramar da na gani. Ki yafe mini wannan. Ni ma da na kwance ƙulli ɗaya ran Litinin ɗin can, da duk ba a kai nan ba.

Mun haƙa rami mai zurfi mun binne ƙwayoyin da tsummokaransu da waken gaba ɗaya. Ba wanda ya tambayi ƙyallen na wa ne, ni ma ban ce komai ba.

Muna hanyar dawowa wayata ta yi ƙara, sai ga Ɗanladi. Ɗan acaɓan ya isa gare shi. Yana dariya, wai ya ji an ce surukai sun aiko masa da yaƙi a buhu, ina waken yara, Ruƙayyatu tun makon jiya take wa maƙwabta alkawarin ƙosai. Na ji muryarta a bayansa tana ƙiriniya. Na miƙa wa Malam Ikrima wayar.

Na rubuta bayanina yadda na gaya miki, na sa hannu. Ba a kira 'yan sanda ba, ba kuma za a nemi Baba ba. Amma an ce in ɗauke bencina daga ƙofar gidan waya har sai manya sun duba rahoton, ba a faɗi rana ba. Malam Ikrima ya ce zai yi mini magana, amma ba zai yi mini alkawari ba. Zan koma tasha ina ɗinkin buhu kafin nan, basilla dai tana hannuna. Kada wannan ya dame ki.

Ki gaida Inna, ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Ki gaida Baba. Ki sumbaci yarinya.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na ce ki karanta ke kaɗai. Maganar shida ba za ta ɓoyu ba. Baba zai ji, ya san ɗaya ya sa, zai nemi sauran biyar. Inna za ta ji, ta san uku, za ta nemi sauran ukun. Ni ba zan faɗa ba ko an tambaye ni, amma ina ganin gara ki sami Inna yau ɗin nan, ku biyu, kafin labarin ya shigo daga waje. Don ba ni kaɗai na gani ba. Malam Ikrima ya gani ya rubuta a takarda. Malam Bahauddeen ya gani, ya ce zai yi wa manoma bayani da shi ran kasuwa. Sabo ma ya gani, ya ƙirga da bakinsa, kuma shi ne zai miƙo miki takardar nan.

Mijinki,
Ƙasimu.